Igiyar da Yaya ya auna

Yayana mai gyaran lantarki ne, kuma mutum ne mai shegen tsari. Shi ya rataye mana jakar ko-ta-kwana a bayan ƙofa: tocila, ashana, wuƙa, sai igiya. A kan igiyar nan ya ɓata yini guda a kasuwa. Ta auduga ruɓewa take, in ji shi, ta roba kuwa santsi gare ta in ta jiƙe. Ya zaɓo ta nailan mai saƙa, ya ƙona bakinta don kar ta warware, ya auna ta daga tagarmu ta bene zuwa turken fitilar da ke tsallaken titi, inda ruwa ke yanke mana hanya duk damina.

"Gaba goma sha biyar cif," ya ce. "Duk wanda ya taɓa, ni da shi ne."

Ni da Inna muka yi ta dariya. Igiya mai kyau haka ta zauna a jaka? Na yanki gaba biyu na yi shanya a tsakar gida. Inna ta sa na gutsuro wa maƙwabciya don ta ɗaure kaya. Duk yankan da na yi sai in kyasta ashana in ƙona bakin, in naɗe in mayar. Har yaba wa kaina wayo nake.

Ran nan da hantsi ya fita sayo wa Inna magani, sai ruwa ya ɓalle. Kafin ya dawo titin ya zama kogi. Na leƙa na hango shi rungume da turken, ruwa a ƙugunsa.

"Auta! Igiya!"

Na ɗaure ta a ƙarfen taga, na sa kwaɗon ƙofa a ɗaya bakin don nauyi, na jefa. Ta faɗa ruwa nesa da hannunsa. Na janyo, na ƙara da ɗankwalina da mayafin Inna. Ba ta kai ba. Tsakar gida kuwa ta cika, ko igiyar shanyata ba a gani. Inna sai salati take.

Ruwa ya kai masa ƙirji, amma ko faɗa bai yi ba. Lallashina yake.

"Kar ki tsorata, Auta, hannunki ne ke rawa. Tana kaiwa, wallahi! Ni na auna ta da kaina."

Na buɗe baki in gaya masa, na kasa. Na naɗo igiyar, na sake jefawa.