Ruwan Bayan Nawal

Ba a daɗe da gaya wa Nawal cewa sankarar jininta ta lafa ba, har ta koma kan keken ɗinkinta, sai asibitin Iskandariyya suka sake kira wai za a ƙara ɗibar ruwan ƙashin bayanta. Mijinta Ramzi, Baban Tamir, ya ce ka'ida ce kawai. Ita kuwa ta san kayanta. Mutumin da ko kofin shayi ba ya kawarwa, ga shi yana dafa mata wake da safe, in waya ta yi ƙara ya fice baranda ya ja ƙofa. Da farko ta zargi wata mace, da ta dubi tumbinsa sai ta bar wannan zance.

Ranar ɗibar, bayan an zare allura an ce ta kwanta rigingine, ta jiyo Ramzi da Dakta Hisham suna ƙus-ƙus a bakin ƙofa. Da suka shigo ta ce ruwan mangwaro take sha'awa. Ramzi ya fita sayo mata.

"Likita, bayan da kake sokawa nawa ne ko na Baban Tamir?"

"Naki ne, Maman Tamir."

"To, mai baya za ka gaya wa."

Ya jawo kujera. Ya ce a ɗibar farko madubin awo bai nuna komai ba, amma akwai wani gwaji mai bin alamomin da ƙwayoyin cutar ke ɗauke da su, shi ne ya nuna ɗan ɓurɓushi. Sai dai jini ya gauraya da ruwan, ba su tabbatar ko cutar ta doshi ƙwaƙwalwa ba. Ramzi ne ya roƙa a rufe mata tukuna.

Nawal ta daɗe tana kallon idon likitan, tana neman abin da ya rage bai faɗa ba. Ta sa ya yi alkawarin ita zai kira in sakamakon ya fito.

Ita ɗin ya kira. Ƙwayoyin na nan, amma kaɗan ne, kuma an kama su da wuri, ta bayan za a riƙa zuba magani. Da ta gaya wa Ramzi, ya zauna daɓas yana hawaye, ita ce ma ta koma lallashi. Amma tun daga ranar, ko ƙanwarta ce ta ce ta yi kyau, sai Nawal ta tambaye ta wa ya aiko ta.