Faifan da Bai Shiga Rami Ba

Faifan ya iso garin Kitwe cikin kwali mai ƙyalli, da hoton samari biyar a jiki, gashi buzu-buzu, wanduna masu buɗaɗɗiyar ƙafa. Zaɓaɓɓun waƙoƙin ƙungiyar Inswa ne, wani kamfanin ƙetare ya tattaro daga tsofaffin faya-fayansu. Kafin Lahadi duk unguwar Wusakile ta ɗauka. Mutanen da suka shekara talatin suna wuce ƙofar Baba Lombe ba ko sannu, su ne yau masu cewa ai namu ne. Haka muke. Sai baƙo ya kakkaɓe mana abinmu ya sayar mana, sannan mu san muna da shi.

Inswa sun fara ne a zauren ma'aikatan haƙar tagulla, da jitocin aro, suna kiɗan rok irin na samarin lokacin. Suka yi tashe har Ndola da Lusaka. Da farashin tagulla ya faɗi, aka sa dokar hana fita, zaure ya koma wurin taron coci. Daga baya ƙanjamau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ana cewa doguwar jinya ce. Lombe mai ganguna kaɗai ya rage.

Duk wanda ya taɓa ganinsu zai gaya maka ba waƙar ce abin ji ba. Katongo mawaƙinsu zai rera baiti biyu ko uku, ya tafi neman abin jiƙa maƙoshi. Sai Lombe ya ɗaga sanda ya yi ihu, "Mu shiga rami!" Maganar iyayensu ce masu sauka ƙarƙashin ƙasa. Su kuma nufinsu a saki waƙa a bi kiɗa duk inda ya nufa, ba shiri, ba wanda ya san inda za a ɓulla. A cikin ramin nan ne Kapambwe mai jita yake magana. A waje kuwa sai ka wuni da shi bai ce uffan ba.

Kapambwe ya rasu 'yarsa Nsofwa tana ƙarama, ko muryarsa ba ta riƙe ba. Ta taso tana jin ana cewa ubanta yana sa jita kuka, ba ta taɓa ji da kunnenta ba. Yanzu malama ce a sakandare. Ta sayi faifan, ta saurara daga farko har ƙarshe. Kowace waƙa iri ɗaya: Katongo ya gama baitinsa, a ji ihun Lombe, sai sauti ya yi ta raguwa har ya mutu.

Ta iske Baba Lombe da hantsi a gindin mangwaro, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci saboda masu zuwa barka. Matarsa tana gefe tana tuƙa tuwon masara.

"A'a, Malama ce da kanta? Maman Chilufya, kawo kujera, hukuma ta zo."

"Ba zama na zo yi ba, Baba. Ka saurari abin nan?"

"Na saurara da kunnen da ya rage."

"Kuma ka yi shiru? Sun datse shi! Duk inda babana zai fara, nan suke yankewa. Kai kuma sun kawo maka hula da kalanda, kana ta godiya. Ni ba zan gode ba. Su fito da zaren kaset na asali da aka ɗauke ku a kai, ko su ji ni a jarida."

"Ke 'yar nan, sassauta murya," in ji matar, ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "Maƙwabta za su ce wata tsohuwar budurwarsa ce ta aiko masa da ajiya."

"Wace budurwa? Duk Katongo ya kwashe," in ji tsohon. Ya yi 'yar dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya karɓi kwalin ya jujjuya. "Zauna, Nsofwa. Mutanen nan ba su yanke komai ba. Abin da suka samu ke nan."

Ta zauna.

"Can Lusaka aka ɗauke mu. Zaren daga waje ake kawo shi, mai ɗaukan yana tattalinsa kamar gishirin talaka. Shi waƙa aka ce ya ɗauka, to da waƙa ta ƙare sai ya murɗa sauti ƙasa ya kashe na'ura. Ran farko ma ba mu sani ba. Muka shiga rami, muka yi ta tafiya. Ubanki ya yi abin da ban taɓa jin ya yi ba, har tsirkiya ta tsinke masa ya ci gaba da sauran. Da muka ɗago kai, jiƙe sharkaf, mutumin yana can waje yana cin gyaɗa."

"Ba ku yi masa magana ba?"

"Mun zage shi. Da yarenmu, don kada ya ji ya kore mu."

"A zaure fa? Duk shekarun nan ba wanda ya sa kaset ya ɗauka?"

"Wa zai ɗauka? Ai gobe ma za mu yi wani."

Gobe. Kalmar da ta cinye mana rabin abin da muke da shi ke nan. Muna da masu ilimi a lokacin, muna da masu rediyo mai kaset a kafaɗa suna yawon burga da ita, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ga abin da ke gabansa ya cancanci ajiya ba.

Nsofwa ta ciro wayarta. Ta danna ɗaukar sauti, ta ajiye ta kan benci.

"To ka rera mini da baki. Yadda yake yi. Ko kaɗan ne."

"Na wace rana? Bai taɓa yin abu ɗaya sau biyu ba."

"Ko na wace rana, Baba."

Ya rufe ido ya fara gunguni. Bai yi nisa ba matarsa ta ce, "Wannan ai waƙar Katongo ce." Ya sake kamo wata, ita ma ta zame ta koma baitin da ke cikin faifai. Ya dafe goshi.

"Kiɗan nasa ya tafi," ya ce. "Da ina jinsa in zan yi barci. Ban san ranar da ya tafi ba." Sai ya ɗago. "Amma na san inda yake shigowa. Wannan hannuna ya riƙe. Miƙo mini bokitin can."

"Hawan jininka fa?" in ji matar.

"Hawan jinin ma ya saurara."

Tun jana'izar Katongo bai taɓa ganga ba, gangunansa ma ya bar wa coci. Ya kife bokitin tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki muciya da wani guntun icce. Ya dubi Nsofwa.

"Ba a shiga rami mutum ɗaya, doka ce. Riƙe mini ƙasa. Ki ce dum, dum-dum, kada ki tsaya ko me kika gani."

Ta fara a kunyace. Shi ma ya fara. Ya yi ihun nan nasa da tsohuwar murya. Zai zuba kiɗa, sai ya ɗauke hannu ya karkata kai hagu, inda Kapambwe yake tsayawa, ya jira. Ba abin da ke cika wurin sai tafasar miya da kiran yaron mota daga titi. Shi kuwa sai ya gyaɗa kai, ya mayar da amsa da ƙarfi. Sau ɗaya har ya tuntsire da dariya.

"Ɗan banza! Kin ji abin da ya yi mini?"

Ta ci gaba da dum, dum-dum, hawaye na shiga mata baki.

Numfashi ne ya tsayar da shi. Ya jingina da mangwaron yana haki, kwat ɗin ta jiƙe.

"Ya ɗauka?"

Ta kunna, ta kara masa a kunnen mai ji. Ga bokiti, ga muryarta tana rawa, ga wuraren da ya jira. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa na sauka a hankali.

"Ubanki ba ya ciki," ya ce.

"Ba ya ciki, Baba."

Ya miƙa wa matarsa muciyar, ya dafa benci ya tashi, ya shiga ɗaki. Matar ta ɗauraye muciyar, ta kwashe tuwo malmala uku, ta tura wa Nsofwa ruwan wanke hannu.

"Ci naki," ta ce. "Shi yau ba zai ci ba."