Tukunya a Gindin Katangar Inna

…kuma ai ba ƙarya ya yi ba. Wa ya ji ya yi ƙarya? "To" kawai ya ce. Malam Abdulrazak, limamin masallacinsu, shi ya riƙe masa hannu bayan azahar, a bakin ƙofa, mutane na laluben takalma, ya ce bayan la'asar za su zo su yi wa Inna, mahaifiyarsa, nasiha a kan tukunyar nan. Shi kuma Abdurrahman ya ce to. Kalmar nan ce yanzu ta hana shi sakat.

Yana zaune a ƙofar butik ɗinsa, ɗan shagon nan nasa, tsakanin tayoyin babur da galan-galan na baƙin mai, idonsa na tsallaken hanya. Ga ta can. Ƴar baƙar tukunya, a kife a gindin katangar gidansu, an ɗaure ta da baƙin ƙyalle, gashin kaza uku a soke. Yau kwana goma sha ɗaya. Kwana goma sha ɗaya babu wanda ya tsuguna a wurin — ko mutum ɗaya. Ƙasa ta bushe, ƙudaje sun yi ƙaura, har in iska ta taso daga can sai ka ji ƙamshin tsiren mai nama, maimakon… Subhanallahi. Shekara huɗu yana haɗa ƴan Adam da girman Allah, sai ga tukunyar da ba ta cin mudu ɗaya ta gama aikin a yini guda.

Motar Matankari ce wannan ta shigo, ta karkace da buhuna, akuya biyu a ɗaure a sama suna kukan duniya. Ya san abin da zai biyo baya, ya haddace shi. Ƙofa ta buɗe, mutane na zubowa, kowa na miƙe ƙafa, kowa na waige-waige… inuwar katanga suke nema. Tun ranar da aka mayar da filin nan ƴar tasha — motocin Matankari, na Dumega, na Tibiri, ga ƴan kabu-kabu da baburansu kamar fara — ba wanda ya tuna cewa mai shiga mota yana da mara. An kafa rumfar shayi, an kafa ta caji, makewayi kuwa sai in sha Allahu. Damina huɗu sarkin tasha yana ce masa in sha Allahu, har kalmar ta fara jin kunyar fitowa daga bakinsa.

Tsoro na daji, kunya na gida, haka ake cewa. To nan ba gidan kowa ba ne. Mutum ya sauka garin da ba a san ubansa ba, me zai hana shi?

Me bai yi ba? Ya sayi fenti ja. Ya rubuta da Faransanci saboda ƴan lakwal masu boko, ya rubuta da Hausa, ya rubuta da ajami saboda malamai: don Allah a daina fitsari a nan. Daidai ƙarƙashin "don Allah" ɗin suka fi so, wai nan inuwa ta fi kauri. Ya zuba toka. Ya jibge ƙaya — wata mai ƙosai ta kwashe ta hura wuta. Rannan ya fito da faɗa, ya daka wa wani tsawa, mutumin ya juyo… sa'an mahaifinsa, gemu fari fat, buta a hannu. Bai ma yi fushi ba. "Ɗana, ina kaka so in kai shi?" Ina zai kai shi?

Ga wata can ta nufi katangar da ɗanta a hannu, tana sauri. Ta tsaya cak. Ta ga tukunyar. Ta fizge yaron, ta kaɗe masa yatsan da ya miƙa, ta juya tana tofe-tofe. Kun gani? Haka suke yi duka. Mai rawani, mai kaki, mai carbi har gwiwa, da ɗan boko mai tabarau wanda zai rantse maka ba ya yarda da iskoki. Sunan Allah da jan fenti bai tsayar da kowa ba, amma Doguwa, aljanar ƴan bori… Doguwar da babu ita ma a wurin. Shi ya san babu ita. Wa ya fi shi sani?

Bayan katangar nan ɗakin Inna yake. Gadonta a jingine da ita. Da can, da zafin rana, zarnin yakan ratso ƙasa ya shiga ɗakin, ya kama zannuwanta, ya kama abincinta, tsohuwa ta zauna da ƙyalle a hanci tana jan carbi. Ba ta taɓa cewa komai ba. Kuma gishirin fitsarin nan cin ƙasa yake, ya rarake gindin katangar har yatsa na shigewa. Magini ya zo ya yi sabon yaɓe, ya ce masa gaskiya: in ta samu sati uku a bushe za ta riƙe, in kuwa aka ci gaba da jiƙa ta, ruwan farko mai ƙarfi zai kwantar da ita. A kan wa? Ga gabas can ta fara haɗa baƙin hadari tun shekaranjiya…

Sati uku kawai. Allah Ya gani, sati uku kawai ya nema.

Ranar Juma'a ce. A'a, kada ya tuna… ranar Juma'a ce, tasha ta watse, kowa ya tafi masallaci, titi fayau kamar an share. Ya ce wa matarsa Zulaiha ta wuce masallaci, zai biyo ta, alwalarsa ce ta karye. Tukunyar a bayan rumbu ya same ta, tsohuwar ta jiƙon magani. Ƙyallen daga tsohon wandonsa. Kazar Zulaiha baƙa ta yi ta kyarkyara a hannunsa, har yau tana yawo a tsakar gida da wutsiya a fige, Zulaiha na zagin muzuru. Ya kife, ya ɗaure, ya soke, ya ruga. A raka'a ta biyu ya riski liman. Shi, Abdurrahman, na'ibi, mai karantar da matasa tauhidi duk ranar Alhamis, mai cewa laya shirka ce ko da ayar Allah ce a ciki. Ya yi sujada da gashin kaza a ƙarƙashin farce.

Dabara ce. Ba imani ba ne, dabara ce. Mutum-mutumin da ake kafawa a gona don tsuntsaye, wa ya ce bautarsa ake yi? Haka ya faɗa wa kansa, kuma ya yarda, kwana biyu. A na uku ya iske an fasa ƙwai a gefenta. A na biyar, nono. Wani bawan Allah ya sauko daga mota da damuwarsa, ya ga wuri, ya roƙa. A wuyan wa wannan yake?

Sai magana ta tashi. A rumfar shayi, a bakin famfo, a sahun baya na masallaci. Ba wanda ya tambayi wa ya ajiye, don kowa ya riga ya sani. Kaltume mana, Innarsa. Tsohuwar ƴar bori daga ƙauyukan Matankari, wadda Doguwa ta hau shekara talatin, wa kuma? Mai hali ba ya barin halinsa. Ana faɗa, ana kallonsa da tausayi — wayyo bawan Allah, yana gyara gari, gidansa na rushewa. Har dafa masa kafaɗa ake yi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta, ya karɓi tausayin, ya sa a aljihu.

Shekara shida ke nan da ya dawo daga karatu, wando a ɗage, kai cike da hujja. Wata uku yana mata wa'azi, safe da yamma, har ta gaji ta ce ya yi yadda ya ga dama. Ya fito da kayan borinta tsakar gida, a gaban su Malam Abdulrazak, ya cinna musu wuta, ana kabbara. Ya ji daɗi ranar, ba zai yi ƙarya ba, ya ji kamar ya ciro ta daga wuta da hannunsa. Daga nan ta shiga makarantar matan aure, tsohuwa mai furfura a cikin jikokinta, tana tauna Fatiha baƙi-baƙi, ana dariya a ɓoye, ba ta fasa ba. Shekara shida ba ta tsallake sallah ba. Da guiwarta ta ƙi, a zaune take yi. Duk wannan… duk wannan ya ɗauka ya kife a gindin katanga.

Kuma ta sani. Wannan ne ke cin sa. Jiya da safe ya shiga gaishe ta, tana shan kunu, tagar ɗakin a buɗe — karo na farko cikin shekaru da ya ga tagar nan a buɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wanda ya aza abin ga bai iya ba. Ba a yi mata ƙulli biyu." Ta kurɓi kunu. Ta ce, "Amma iska na shigowa yanzu, na gode Allah." Shi ke nan. Ba ta kira suna ba. Da ta zage shi mana! Da ta jefe shi da ludayin, ta ce kai ne munafuki, kai da ka ƙone mini nawa na gaske ka zo ka kafa na ƙarya… da ya samu abin riƙewa.

Inna, me ya sa ba ki zage ni ba?

Bara da wata tsohuwa ta rasu a bayan kasuwa, wadda aka ce ta koma wa iskokinta, Malam Abdulrazak ya ce shi ba zai sallace ta ba. Matan makaranta suka ƙi zuwa wanka. Mutum bakwai suka ɗauke ta, ya gani da idonsa, har ya kafa misali da ita ranar Alhamis. Inna kuwa ba yarinya ba ce. Tari ya kama ta tun sanyin bara. Idan aka fita daga gidan nan yau da sunanta a kan tukunyar, sannan wani dare… wata safiya… mutum nawa?

To ya tashi ya ɗauke ta mana, yanzu, taku ashirin ne. Ya ɗauke — sai me? A ce ɗan kirki ya kawar da ƙazantar uwarsa. Sunan yana nan a kanta, katanga kuma ta koma hannun matafiya, saura kwana goma yaɓe ya kama. Hanya ɗaya ce. Ya buɗe baki ya ce ni ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ne. Kalma biyu, yaron goye ma zai iya. Sai matasan Alhamis su dube shi. Sai a janye shi daga bayan liman, a hankali, da ladabi, yadda suka iya. Sai masu rawanin da ya yi shekaru yana kira ƴan bidi'a su samu abin shan shayi har ƙarshen rayuwarsa. Tsoro yake ji. A faɗe shi yadda yake: ba Allah yake tsoro a wannan lokacin ba, dariya yake tsoro.

An kira la'asar. Yaushe? Raka'a huɗu, bai san me ya karanta ba, goshinsa dai ya taɓa ƙasa. Ga shi a hanya, su biyar, Malam a gaba yana magana a kan tausasa harshe ga iyaye, ɗaya daga cikinsu riƙe da taɓarya don fasa tukunyar. Ledojin ruwa na tashi a titi suna manne musu a ƙafa. A bakin famfo zai faɗa. Sun wuce famfo. To a rumfar shayi… mutane sun yi yawa a rumfar shayi. A zaure, in sun zauna, kafin a kira ta. E, a zaure ya fi, cikin sirri, cikin mutunci —

Tana waje.

Inna, da ba ta taka ƙofar gida ba tun azumi, ga ta tsaye a bakin zaure, ta dogara da sanda, ta sa hijabinta na makaranta, fari, wanda take ajiyewa don Idi. Wa ya gaya mata? Ƴan tasha sun fara matsowa, ƴan kabu-kabu sun kashe injuna. Malam ya yi sallama, ya rusuna, ya fara jero gaisuwa. Yanzu. Yanzu ne, Abdurrahman, kafin ta… Ya ɗaga kai ya dube ta. Ba shi take kallo ba. Ko sau ɗaya ba ta dube shi ba.

"Malam, kada ku wahal da kanku," in ji ta. "Ni na aza ta. Ɗana bai san komi ba."

Wani ya ce inna lillahi. Wani ya ja tsaki. Hannu ya sauka a kafaɗarsa, mai ɗumi, mai tausayi. Kuma abin da ya fara ratsa shi, kafin kunya, kafin komai — Allah Ya isa tsakaninsa da zuciyarsa — sanyi ne. Sauƙi. Kamar wanda aka sauke wa buhu daga ka.

Bakinsa a buɗe yake. Ai bai rufe ba tukuna. Har yanzu ana iya… tana tsaye, ba ta gama juyawa ba… da sauran lokaci. Da sauran lokaci, ko?