Rigar da Ta Matse Weidong

A unguwarmu da ke birnin Shenyang ba a auna rigar sanyi da igiyar awo. Mai saƙa takan ɗora hannunta a bayan mai rigar, ta auna da taƙi. Haka maƙwabciyata Inna Gao take yi wa ɗanta Weidong tun yana yaro, har ya tafi aiki kudu, zuwa gida ya gagare shi.

Bana ta saƙa masa wata mai ruwan toka da awon da ta tuna, ta aika. Ina ɗakinta muna yanka kabeji ya kira ta a waya mai hoto, sanye da rigar. Rigar ta ɗame shi, cibiya a waje.

"Mama, rigar jariri kika aiko min?"

"Kai, ja'iri! Yaushe ka ajiye wannan tumbin? Tukunya ka haɗiye?"

"Bari in auna kaina in turo miki lambobin."

"Riƙe lambobinka. Bayanka nake so ka kawo min."

Ya yi dariya, ya ce aiki ya yi yawa, amma wataƙila ya zo da Sabuwar Shekara. Ya katse wayar.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, ni kuwa na ci gaba da yanka.

"Xiulan," ta ce min, "hannun nan bai san ɗana ba yanzu."

Na ce ta karɓi lambobin mana, ai sanyi ya kusa. Ta girgiza kai.

"In na karɓa, me kuma zai kawo shi gida?"