Marainiyar Leokadia

Leokadia na tsaka da matse zanen gado Genowefa mai girki ta faɗo ɗakin wanki tana haki, hannunta duk garin masara.

"Lodzia, kina nan kina dirzar tsummokara? Marayu za a kwashe zuwa Chicago ranar Laraba! Mu kuwa tsofaffin jakuna muna nan Meziko, mu ci gaba da cin barkono."

Zanen ya suɓuce ya koma ruwa. Duk sansanin 'yan gudun hijirar nan Genowefa kaɗai ta san cewa Tosia, siririyar yarinyar nan mai shekara takwas da ke kwana ɗakin marayu, uwarta na nan da rai, tana wanke mata riguna.

Abin ya samo asali tun Kazakhstan, inda aka jibge su bayan an kwaso su daga Poland a taragon shanu lokacin yaƙi. Mijin Leokadia tun a tasha aka raba su, ɗan goyenta kuma da hannunta ta tone ƙanƙara ta binne shi. Sai aka ji sojojin Poland za su fita da marayu zuwa Iran, masu uwa su jira. Jira a wurin nan ai mutuwa ce. Leokadia ta ba da zoben aurenta aka ba ta ƙullin sukari, ta zaunar da Tosia, lokacin shekararta huɗu.

"Ina mamarki?"

"Ga ki nan."

Tas! Ta sha mari. Sai da yarinyar ta iya cewa, "Mamata ta rasu, ni kaɗai na rage," sannan aka sa mata ɗan sukari a tafi.

"Kowa ya tambaye ki, haka za ki ce. Ko soja, ko sista, ko ni kaina. In na yi kuka na ce ni ce uwarki, gwada ki nake yi. Kin ji?"

Allah ya taimaka ita ma ta samu shiga ayarin a matsayin mai wanki. Daga nan ta zama Pani Lodzia, wato Malama Lodzia, a bakin 'yarta. A Iran ta ji tsoron a gane a raba su. A Indiya ta ce sai sun hau jirgin ruwa. A Meziko ta ga marayu na shan madara, ta ce bari yaƙi ya ƙare. Kuma ba ta daina gwajin ba, don sukari bai taɓa rabuwa da aljihunta ba.

"Tashi ki je wurin Sista," in ji Genowefa. "Wallahi in kika tsaya jan ƙafa irin naki, ni zan ja ki da kunne."

Sista Bogumila, mai kula da marayun, ta saurare ta har ƙarshe. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa.

"Pani Leokadia, tun jiya mata ke zuwa, kowacce ta tsinci ɗa a cikin yaran nan don ta bi su Amurka. Ban ga laifinsu ba. Kina da shaida?"

"Genowefa ta sani."

"Kowacce da ƙawarta ta zo." Sista ta murza idanunta. "Bari mu ji daga bakin yarinyar."

Aka kira Tosia. Ta shigo da kitsonta biyu, ta durƙusa ta gai da Sista, ta ce, "Barka da rana, Pani Lodzia."

"Tosia, ina mamarki?" in ji Sista.

"Mamata ta rasu, ni kaɗai na rage."

Leokadia ta zube a gabanta, ta kama kafaɗunta da hannuwan da sabulu ya cinye.

"Tosienka, 'yata, an gama! Yaƙi ya ƙare, ba mai raba mu. Faɗa wa Sista gaskiya. Wa ya goye ki a taragon nan? Wa ke tauna miki burodi? Ni ce mamarki!"

Kuka take yi sosai, har majina. Yarinyar ta zuba mata ido. Ko ta tuna, ko ta manta, Leokadia ta kasa ganewa, wannan kuwa ya fi komai ci mata rai.

Tosia ta gyara tsayuwa, ta haɗe ƙafafunta.

"Mamata ta rasu, ni kaɗai na rage."

Sista Bogumila ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, Pani. Za ta tafi da sauran."

Tosia ba ta motsa ba. Ta miƙo tafin hannunta tana jira. Leokadia ta daɗe tana kallon ɗan tafin nan, sannan ta laluba aljihunta, ta ciro sukarin, ta sa mata.