Hajiya Fusena Ta Juya Kujera

Ni dai tun farko na ce a yi abin nan a gida. Ina aka taɓa zuwa gaida surukai a gidan abinci, ana ta ƙarar cokula, Turawa na kallo? Amma yaran da aka haifa a ƙasar nan in suka kafe, sai dai ka bi su kana gunaguni.

Zayd ɗan ƙanwata ne, a Manchester aka haife shi, a nan yake aikin gashin ƙashi a asibiti. Ubansa yana Zariya, shi ya sa aka ce ni Gimba, kawunsa, in raka shi. Yarinyar da yake so sunanta Mubarika, 'yar mutanen Gana mazauna Aston a Birmingham, tun a jami'a suka haɗu. Mahaifinta ya rasu, magana tana hannun uwarta Hajiya Fusena. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, ko limamin Makka ka ɗauko ba za ta sauya ba.

Council, wato ƙaramar hukuma, na gyaran gidan Hajiya saboda danshi ya cinye bango, don haka yaran suka buɗe taswira a waya, suka zaɓi wani ɗan gari a tsakiyar hanya, wai kada wani ya ce shi aka wahalar. Garin titi ɗaya ne: coci, shagon aski, sai wani gidan abincin halal na Musulman Sin, inda aka ce za a haɗu.

Ni ba na shiga lamari da ka. Sai da na nemi Faizal, abokin tuƙin tasina wanda ya san Hajiya tun Zangon Kumasi. Ya ce, "Gimba, ka san me ya kori Toufik, wanda ya fara neman yarinyar? Ci. Ya share faranti a gabanta, ya nemi ƙari, ya tashi da kansa ya buɗe mata firji. Ta ce ba za ta ba ɗan Ingilan da bai san kunya 'yarta ba."

To, na samu bakin zaren. Sai da muka hau babbar hanyar M6 na karanta wa Zayd dokar: zai durƙusa ya gaishe ta, ba zai kalle ta cikin ido ba, kuma ko hannunsa ta kama ta sa a kwano, ba zai ci loma ɗaya a gabanta ba. Haka surukuta take a wurinmu.

"Kawu, tun safe ban ci komai ba fa. I was saving space."

"To ka ci gaba da ajiye space ɗin. Mata kake so ko taliya?"

Yaron nan ƙato ne, kullum yana wurin ɗaga ƙarfe, kaza ɗaya ba ta isarsa. 

Gaisuwa dai ya yi ta yadda ya kamata, gwiwa har ƙasa a tsakiyar gidan abinci, har wata tsohuwar Baturiya ta leƙa ƙarƙashin tebur tana taya shi neman abin da ya faɗi. Hajiya ta amsa a taƙaice, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Sannan aka kawo abinci, in abinci za a kira shi. Ashe tsakiyar teburin murhu ne. Wata ma'aikaciya ta ɗora tukunyar romo a kai, ta jera farantai: ɗanyen nama yankan siriri kamar takarda, ɗanyen kifi, ganye, busasshiyar taliya. Ta yi murmushi ta juya.

Hajiya ta dubi naman, ta dubi 'yarta. "Mubarika, mai girkin nasu ba shi da lafiya ne?"

"Mum, haka ake yi. Kowa ya dafa nasa. It's fun."

"Fun? Na baro kicin ɗina a Aston, na sha mota, don in zo in yi wa mutanen Sin aikatau?"

Ta ɗanɗana romon, ta yi salati. Sai ta naɗe hannun riga, ta zuge jaka, ta fito da kwalbar shito, yajin nan na mutanen Gana mai baƙin mai da jan baki. Ta aiki ma'aikaciyar ta kawo albasa da citta da gishiri, ta ture 'yan sandunan cin abincin gefe, ta ce a ba ta ludayi na mutane. Kafin ka ce me, ƙamshi ya cika wurin, har mai gidan ya leƙo daga kicin yana shaƙa.

A nan lissafina ya ɓaci. Ni na shirya yaron ya ƙi abincin gidan abinci, wanda ba na kowa ba. Yanzu kuwa girkin Hajiya ne, da hannunta ta cika kwano ta ajiye a gabansa. In ya ci, ya zama Toufik. In ya ƙi, ya raina girkin uwar yarinya.

"Bismillah, ɗana."

"Na ƙoshi, Mama," in ji Zayd, idonsa a ƙasa.

Daidai nan cikinsa ya yi wani ƙugi da na ji shi a ƙafar kujerata. Mubarika ta zare masa ido, wayarsa ta yi ta ɓari a aljihu, na san saƙo take aika masa cewa ya ci. Ya waiwayo wurina yana neman ceto. Ni kuwa, tsakani da Allah, bakina cike yake. Dokar ba ta hau kan kawu ba, kuma romon nan sai wanda ya sha.

Hajiya ta sake tura masa kwanon, ya sake cewa ya ƙoshi.  Na ga fuskarta ta fara haɗewa, ta ajiye ludayin a hankali, irin ajiyewar da kan sa yara su bar ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yaro aure da bakina.

"Kai yaro, dube ni. Girkina ne kake ƙyama? Ko an ce maka mu mutanen Gana ƙazamai ne? Faɗa mini gaskiya."

Zayd bai ɗago ba. Da Hausarsa mai ɗingishi, wadda Turancin Manchester ya cinye rabinta, ya ce, "A'a, Mama. Wallahi yunwa nake ji sosai. Amma ke ce maman Mubarika. Ina jin kunyarki."



Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce. Ta ce marigayi Abdul-Rahim, baban Mubarika, haka yake yi in ya je gidan iyayenta a Kumasi. A ajiye masa shinkafa da wake har ta huce bai taɓa ba, sai uwar Hajiya ta ɗauki gyale, don ya samu ya ci, ta ce za ta maƙwabta ɗebo wuta, alhali wuta na ci a murhunta. Har tsohuwar ta bar duniya bai taɓa cin abinci a gabanta ba.

"Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya ji kunyata," ta ce. "'Ya'yan da na haifa ma a farantina suke sa hannu. Na ɗauka abin ya tafi tare da shi."

Sai ta juyo kaina. "Kai kuma Malam Gimba, na ga kunyar ba ta biyo ta wurinka ba." Na ajiye cokali, amma dai aikin gama ya gama.

Nan ba maƙwabtan da za a je ɗebo wuta. Hajiya ta miƙe, ta kama kujerarta, ta juya ta gaba ɗaya, ta ba tebur baya, ta zauna tana fuskantar akwatin gilashin da ke jikin bango mai jajayen kifaye a ciki. Ma'aikaciyar ta rugo a guje, ta ɗauka fushi aka yi, tana tambaya ko akwai matsala. Hajiya ta kore ta da hannu.

"Mubarika, zuba wa mijinki mai zafi, wancan ya huce. Ni kifi nake kallo."

Mubarika ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo mata. Shi gogan bai ma gane abin da aka faɗa ba sai da na zungure shi na raɗa masa cewa an ba shi. Ya ɗauki cokali, ya fara ci kamar wanda aka sako daga kurkuku, shito na sa shi hawaye, ko kuma ba shiton ba ne. Daga inda nake ina hango Hajiya tana goge ido da bakin gyale, ni ma sai da na nemi hankici.

Da ya share kwanon sai ya tuna da ladabi, ya ajiye cokali, ya naɗe hannu.

Hajiya ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Na ji cokali ya yi shiru. Wa ya ce masa na gama kallon kifin?"