Rumbun Ɗela Ba Dutse Ba Ne

Ɗela ta ratsa layin masu sayar da gyaɗa ba ta ce wa kowa sannu ba. Jakinta na biye da ita, da manyan gutsuren laka biyu a cikin mangala. Gardi, dogarin Nasara da ke tsaron ma'auni, ya ɗaga bulala, ya ga ko wace ce, ya sauke. Shekaranjiya ya gan ta da taɓarya a hannu.

Baturen gyaɗa, wanda mutanen Dungas ke kira Mai Lofe, yana zaune a rumfa, ƙafarsa ta hagu naɗe da farin ƙyalle bisa kujera. Tafintansa Bunu na tsaye a gefe. Ɗela ta sauke lakar, ta dire a gaban teburin, har takardu suka tashi.

"Inna Ɗela, lafiya?" in ji Bunu.

"Lafiya ce ta kawo ni da rumbuna a kan jaki? Gaya masa ga ragowar dutsensa na kawo masa."

Abin da ya faru kuwa, duk wanda ke layin nan ya riga ya ji. Wani gadu ne ya addabi gonakin ƙauyensu, can wajen Dogo-Dogo, yana tone gyaɗa tun ba a cire ba. Mainassara maharbi ya ce a bar masa, ya san raminsa, kwana biyu ya isa. Sai labari ya kai kunnen Mai Lofe. Shi kuma a ƙasarsu, wai duwatsu ne har cikin gajimare, kuma da kaka maza kan hau su farauci wata dabba da ake kira urs, mai gashi kamar tunkiya da girman bijimi, tana miƙewa da ƙafa biyu kamar mutum. Yana da ɗan littafin ƙa'idojin farautarta da ya gada wajen ubansa. Shekara uku yana yawo da shi a aljihu, bai samu abin gwada shi ba.

Ya iso da hantsi, ya tara mazan gari, Bunu na fassarawa. A cewar littafin, ita dabbar, zuma take so, don haka aka shafe gindin wata bishiya da zuma. Gadu ko kallonta bai yi ba, ƙudan zuma ne suka zo karɓar kayansu. Littafin ya kuma ce masu kora su taso daga inda iska ke zuwa, suna kaɗa gwangwani. In dabba ta yo kan mutum, kada ya gudu, ya kwanta ya ɗauke numfashi, don ba ta taɓa gawa. Babbar ƙa'ida kuma, wadda ya buga tebur a kanta: maharbi a sama, dabba a ƙasa. A hau dutse.

To, wane dutse? Ƙasar da in ka tsaya a bakin rijiya kana hango wanda zai zo maka baƙunta gobe? Aka yi ta dube-dube. Nan ne Wakili, na hannun daman Maigari, mutumin da bakinsa ba ya iya zama a rufe gaban farar fata, ya nuna rumbun Ɗela a bakin gona, ya ce duk garin babu abin da ya kai shi tsawo. Ita tana rijiya. Aka cire jinka, aka cicciɓa ƙaton Nasara da bindiga aka ɗora a bakin rumbun laka mai shekara ashirin.

Gadu ya fito, wutsiya a sama. Mai Lofe ya harba. Harsashi ya nufi Kano, rumbu ya tsage gida biyu, ya zubo da gero da Nasara gaba ɗaya. Gadu ya juyo kansu. Sai ga maza talatin, da gardi biyu, da Wakili, da shi kansa mai littafin, duk sun miƙe a ƙasa sun mutu. Gadu ya duba, ya ga ba mai hana shi, ya sa baki cikin gero. Haka Ɗela ta dawo ta tarar: gari duk gawa, mugun dawa na kalaci. Ta ajiye tulu, ta ɗauki taɓarya, ta sauke masa a hanci. Ya yi gabas yana ihu.

Yau kwana biyu geronta na zube a ƙasa, gara ta fara shiga ta ƙarƙashi, awaki ta sama. Abincin shekara ke nan, kuma ba ta da wani.

"Tambaye shi," in ji Ɗela, "wadda ta haife shi ba ta nuna masa bambancin dutse da rumbu ba?"

Bunu ya yi 'yan kalmomi cikin Faransanci. Mai Lofe ya cire lofe, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai.

"Me ka ce masa?"

"Na ce kina gaishe shi da ƙafa."

"Bunu ɗan Balaraba! Ni na yanke maka cibiya. Ka faɗa masa yadda na faɗa, ko in faɗa wa layin nan shekarunka nawa kafin ka daina jiƙa tabarma."

Bunu ya share gumi, ya yi magana mai ɗan tsawo. Murmushin Mai Lofe ya tafi. Ya zaro littafin, ya buɗe, ya yi ta faɗa yana nuna wani shafi da bakin lofe.

"Ya ce ke kika ɓata farauta, Inna. Ya ce ba a kusantar dabba. Da kin bari, da ta gama shinshine-shinshinenta ta tafi, a bi sawu."

"Shinshine? Dami huɗu ta shinshina har da kara?"

"Ya ce don tsufanki ne ba zai sa a rufe ki ba. Ki kwashe lakarki ki tafi."

Mai Lofe ya yi wa gardi alama, gardi ya tako. Ɗela ta dube shi, ta dubi Nasara. Ta gyara ɗaurin zane, ta taka zuwa ma'auni, ta miƙe a gabansa daidai inda ake sauke buhu, ta haɗa ƙafafu, ta rufe ido.

"Inna, mene ne haka?"

"Abin da littafi ya ce. Mugun abu ya yo kaina. Na mutu."

Sai wata mata mai tallar fura ta ɗora hannu a ka, ta rangaɗa kuka: "Wayyo Ɗela, an tafi ba a ci sabon gero ba!" Mata suka karɓa. Maza suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Gardi ya duƙa zai kama hannunta.

"Kar ka taɓa ni," in ji gawa, ido a rufe. "Kai da ka mutu shekaranjiya har ƙudaje suka yarda da kai."

Gardi ya ja da baya, ya shiga gyaran hula.

Rana ta take. Ba a auna buhu ko ɗaya ba. Mai Lofe ya yi tsawa, ya buga tebur, ya manta ya taka ƙafar ciwo, ya koma ya zauna. Can ƙarshen layi wasu suka fara mayar da kaya kan jakuna, suna cewa da ƙarfi, don a ji, ai Ɓaɓura ma ba nisa, can ƙasar Ingilishi ma ana auna gyaɗa. Wannan Bunu ya fassara shi daidai, bai rage ko kalma ba.

Aka aika a kira Wakili, wanda tun isowar Ɗela ya ɓuya a bayan tarin buhuna. Ya zo ya durƙusa yana ranka ya daɗe.

"Ya ce cikin kwana bakwai a gina mata sabon rumbu," in ji Bunu da babbar murya. "Geron da ya lalace a cika mata. Kai ka nuna, kai za ka tsaya a kan aikin."

Ɗela ba ta motsa ba. Mai Lofe ya ƙara wata magana, yana mayar da littafi aljihu.

"Ya ce kuma a gina shi da ƙwari. Gadu na nan da rai. Baɗi da kaka zai dawo, kuma ƙa'ida ba ta canza ba, abin da ya fi tsawo a gari shi zai hau."

Gawa ta buɗe ido ɗaya. Ta tashi zaune a hankali, ta kakkaɓe yashi daga gwiwar hannu.

"Wakili, naka rumbun kamu nawa ne?"

"Bakwai, Inna," in ji shi da sauri. "Naki za a yi takwas, har da ɗori, wallahi."

"A yi mini shida."

Ta miƙe, ta kwance jakinta, ta bar lakar a inda ta dire ta. Har ta kai bakin kasuwa Wakili na durƙushe a gaban tebur, yana duban yatsunsa.